Kafin Ka Karanta wa Baba Takardar Hoto

Ƙannena samari da 'yan mata na ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa, akwai wani aiki da karatun boko ya ɗora muku, alhali babu malamin da ya koya muku shi. Idan kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa da wake da riɗi, kuɗi suka ɗan shigo hannu, a lokacin ne ake tunawa da ciwon ƙafar da Baba ya daure ya ci damina da shi. Sai a kai shi asibiti, a ce a yi hoto, a dawo gida da baƙin faifai da 'yar takarda mai layi huɗu ko biyar na Turanci. Wanda ya yi sakandare a gidan shi ake miƙa wa, a ce, "Duba mana, me suka ce?" Abin da zai fito daga bakinka a wannan zama yana iya sa dattijo ya kwanta ya ƙi tashi, yana iya sa a jinginar da gona ba gaira ba dalili, yana kuma iya sa a yi sakaci da ciwon da bai kamata ya kwana ba. Don haka ya kamata ku san abin da hoton kwatangwalo yake iya faɗa, da inda iyakarsa take.

Mu fara da gaɓar kanta. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. Can samansa yana da ɗan wuya da ya karkata ciki, a ƙarshen wuyan kuma akwai kai mulmulalle da ya shige cikin wani gurbi mai zurfi a ƙashin ƙugu. Wannan mahaɗa ita ce kwatangwalo. Kan ƙashin da cikin gurbin duka a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, wanda kuke gani fari fat a ƙarshen ƙashin rago ranar Babbar Salla, ga kuma ɗan ruwa mai yauƙi da ke sa su zame wa juna ba tare da gogayya ba. Duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a kan wannan gaɓa ya kusa ninka nauyin jikinsa sau uku, domin tsokokin da ke riƙe ƙugu kada ya karkata su ma danna ta suke yi.

Hasken da ake ɗaukar hoton da shi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, yana ratsa nama ya wuce, ƙashi kuwa ya tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. Guringuntsi ba ya fitowa sam. Idan ka ɗaga faifan ka fuskanci haske, za ka ga siririn fili mai duhu tsakanin kan ƙashin da gurbinsa, sai ka ce babu komai a wurin. To, nan guringuntsin yake, kuma a jikin baligi lafiyayye faɗin filin yakan kai milimita 3 zuwa 5. Galibi akan ɗauki ƙugu gaba ɗaya don a kwatanta ɓangarorin biyu. Harafin R a kusurwar faifan yana nuna dama, L kuma hagu. Kafin komai, duba suna da kwanan wata, ka tabbata na gidanku aka ba ku.

Idan takarda ta ce gaɓa ta zaizaye, abubuwa huɗu likitan duba hoto ya lura da su. Na farko, filin nan ya tsuke, wato guringuntsi ya ragu. Na biyu, ƙashi ya yi 'yan tsiro a bakin gurbi ko gefen kai, domin idan gaɓa ta fara rauni jiki yakan ƙara faɗin wurin da nauyi ke sauka. Na uku, ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin ya yi tauri, sai ya fito da fari fiye da sauran. Na huɗu, 'yan ramuka sun bayyana a cikinsa. A 1957 wasu likitoci biyu a Mancesta ta Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara waɗannan alamu hawa-hawa daga 0 zuwa 4, kuma har yau ana amfani da ma'auninsu. Hawa na 1 shakka ce kawai. Na 2 tsiro ya tabbata. Na 3 fili ya tsuke a bayyane. Na 4 fili ya kusa ɓacewa, kan ƙashin ma ya sauya siffa. Wasu likitocin ba sa sa lamba, sai su rubuta kaɗan, ko matsakaici, ko mai tsanani.

A nan ne mai karatu yakan yi tuntuɓe. Yana ganin kalmar lalacewa sai ya ɗauka ya gano tushen ciwon. A garin Framingham na Amurka an ɗauki hoton kwatangwalon mutum 946 masu shekara 50 zuwa sama, aka kuma tambaye su ciwon da suke ji, aka buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, a 2015. Cikin kowane kwatangwalo 100 da hoto ya nuna ya zaizaye, kamar 21 ne kawai ke yawan damun masu su. Cikin 100 da ke yawan ciwo kuwa, kamar 16 ne aka ga zaizaya a hotonsu. Amurkawa ne aka gwada, amma darasin ya shafi kowa: akwai mai mummunan hoto da ke zuwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi a ƙafa, akwai mai kyakkyawan hoto da ba ya iya barci. Hoto shaida ne guda ɗaya a gaban alƙali, kuma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji mai ƙara. Mai ƙara a nan shi ne wanda ƙafar ke jikinsa.

Saboda haka kafin ka buɗe takarda, zauna kusa da dattijon ka tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. "Baba, ku nuna min da hannu inda yake yi muku." Idan manya suka ce ƙugu, wani lokaci gadon baya suke nufi, wani lokaci ɗuwawu, wani lokaci katara. Ciwon kwatangwalo na ainihi ya fi zama a matse-matsi, ya gangaro ta gaban cinya, har yakan kai gwiwa. Mai shi yakan sha wuya wurin tsuguno, da zaman tahiya, da zura wando, da ɗaga ƙafa ya hau babur. Da asuba gaɓar takan sandare, amma kafin rabin awa ta saki idan ya motsa. Ciwon da ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa har tafin ƙafa, ana jin kamar ana tsira allura, ya fi kama da jijiyar da aka matse a gadon baya. Wanda ke tashi idan an kwanta a kan katara sau da yawa na jijiyoyin tsokar gefe ne. Kumburi a matse-matsi da ke fitowa idan an yi tari, wannan ƙaba ce. Duk waɗannan suna iya samun mutumin da hotonsa ya nuna 'yar zaizaya, sai a ɗora wa gaɓa laifin da ba nata ba.

Ba abin mamaki ba ne a ga zaizaya a hoton manomin ƙasarmu. Gonakin da ke kewaye da Kano ba sa hutawa. Shekara da shekaru ana noma su ba a bar su sun yi saura ba, har masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda suke ciyar da jama'a mai yawa haka. Taki da ƙarfin mutum ne suke riƙe da su. Mutum ya loda mangala, ya watsa taki, ya yi huɗa, ya duƙa noman firi da maimai, ya ɗauki dami a ka, damina na wucewa ya koma rani a Watari ko Tomas. Inna kuwa ga sussuka, ga surfe, ga daka, ga tulu, ga goyo. A Birtaniya bincike ya nuna manoma sun fi sauran jama'a samun zaizayar kwatangwalo, har a 2005 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyya a kansu ga wanda ya yi shekara goma ko fiye a aikin gona. To, wanda ya yi shekara hamsin da fartanya a hannu, idan aka ga 'yan tsiro a gaɓarsa, tarihin aikinsa ne ya fito a faifai, kuma da yawa suna ƙarasa rayuwarsu da shi ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Sai dai wannan kwantar da hankali na tsofaffi ne. Idan mai hoton ɗan shekara ashirin ne ko talatin, magana ta sauya. Gaɓar matashi ba ta lalacewa haka kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar da za ka riƙe ita ce: me ya jawo?

A ƙasar Hausa babban abin da ake fara tuhuma shi ne amosanin jini, wato sikila. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta ba tare da tana damunsa ba, wato mai nau'in jini AS. Kan ƙashin cinya 'yan ƙananan hanyoyin jini ne ke ciyar da shi, yawancinsu kuma ta wuyan ƙashin suke hawa. Idan lanƙwasassun ƙwayoyin jini suka toshe su, wani yanki na ƙashin sai ya mutu. Wannan yakan sami mai nau'in jini SS, yakan kuma sami mai SC, wanda wataƙila bai ma san yana da ita ba. Abin tsoron shi ne, a watannin farko hoton ƙashi yakan fito lafiya lau alhali ciwon yana ci. Na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ita ke ganinsa tun da wuri. Daga baya ne ake ganin wani siririn layi mai siffar jinjirin wata a ƙarƙashin saman ƙashin, sannan kan ya lotsa. Kafin ya lotsa akwai dabarun da likitan ƙashi zai gwada, har da huda ƙashin don a rage matsi a buɗe wa jini hanya. Bayan ya lotsa zaɓi ya ragu ƙwarai. Don haka idan ƙanwarka mai sikila tana kukan matse-matsi tana ɗingishi, takarda kuma ta ce ba a ga komai ba, kada ka ce mata raki ne. Koma wurin likita ka tambayi mataki na gaba.

Wannan mutuwar ƙashi tana da wasu ƙofofin. Akwai ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe, kuma akan jefa su cikin haɗin ciwon jiki. Shan su na dogon lokaci yana kashe kan ƙashin cinya, sau da yawa ma ɓangarorin biyu. Yawan shan giya ma yana yi. Haka gocewar gaɓa ko karayar wuyan ƙashi a haɗarin babur. Ciwon yana iya bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta da haɗarin. Idan likita ya tambayi magungunan da aka sha, a faɗa masa gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yara ma sai an sa musu ido. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa goma da ke ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, ko ɗan shekara goma zuwa sha shida da ke kukan gwiwa alhali gwiwar lafiya take, a sa likita ya duba kwatangwalonsa, domin ciwon gaɓar sama yakan sauka a gwiwa. Yaron da ke da zazzaɓi mai zafi, ya ƙi taka ƙafa, yana ihu idan an motsa cinyar, wataƙila mugunya ce ta taru a gaɓar, kuma cikin 'yan kwanaki takan cinye guringuntsi. A ranar za a kai shi asibiti. Tarin fuka ma yana kama kwatangwalo, yana ci a hankali da rama da zufar dare, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Sai faɗuwar tsoho. Gwaggo ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje. Mafi yawanci wuyan ƙashin cinya ne ya karye. Masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, amma wannan karaya tana can cikin nama inda karan ɗori ba ya riƙewa, kuma jinin da zai haɗa ta sau da yawa ya yanke. Kwanciyar watanni kuwa ita ke kawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna tsagewar. Muddin ba ta iya takawa, a koma. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Ƙofar Ruwa, wanda aka buɗe a 1959, irin wannan aiki aka kafa shi domin ya yi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Haka nan ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana tashin mutum da dare, tare da rama, musamman ga dattijo mai wahalar fitsari ko mace mai ƙullutu a nono, shi ma ba a jinkirta shi, domin ciwon daji yakan yaɗu zuwa ƙashin ƙugu.

To, idan an kore duk waɗannan, aka tabbatar zaizayar shekaru ce, me za a yi? Gaskiya ɗaya ce: babu ƙwaya, babu jiƙo, babu garin magani da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya tafi. Duk wanda ya ɗora hannun Baba a kan wata 'yar na'ura a kasuwa, ya ce kwamfuta ta nuna ruwan gaɓa ya ƙone, ga maganin da zai cika shi, kuɗinku yake so. Tsaga da sakiya ba sa isa gaɓar, sai dai su bar miki. Amma ana rage ciwo sosai, ana kuma daɗe ana morar ƙafar. Motsi shi ne kan gaba: guringuntsi ba shi da hanyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma sai an motsa ruwan ke shiga. Tafiya daidai gwargwado, tuƙa keke a hanya mai laushi, da motsa jikin da ma'aikatan sashen gashi za su koyar don ƙarfafa tsokar ɗuwawu da cinya, duk suna taimakawa. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren: idan dama ke ciwo, sanda a hagu. Mai ƙiba ya rage. A sama wa dattijo kujera mai ɗan tsawo maimakon tabarma, kafinta ya yi wata mai huji a ɗora kan masai. Game da salla kuwa, shari'a ta yi rangwame ga wanda ya kasa tsayuwa ko sujada. A tambayi malami don zuciyarsa ta natsu.

A yi hattara da maganin kashe zafi. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam dangi ɗaya ne. Suna aiki, amma shan su kullum yana kawo gyambon ciki, yana ta da hawan jini, yana gajiyar da ƙoda, balle ga tsohon da ke wuni cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Haɗa biyu daga cikinsu ƙarin haɗari ne kawai. Duk ƙullin ƙwayoyin da aka ba ku babu suna, kada Baba ya sha. Tiramol kuwa kun fi ni sanin ɓarnar da ya yi a tsakanin sa'o'inku.

Aikin canjin gaɓa gaskiya ne, kuma yana daga cikin ayyukan tiyata mafi nasara. John Charnley ne ya daidaita salonsa na zamani a asibitin Wrightington na Ingila a 1962, kuma ana yin sa a Dala. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka dasa suna kai shekara 25. Sai dai kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma bayansa likita yakan taƙaita tsuguno da ɗaukar kaya mai nauyi. Abin da ke sa a yi shi shi ne ciwo ya hana barci, ya hana zuwa masallaci da bakin gona, an kuma gwada sauran hanyoyi sun gaza. Lambar da ke kan takarda ita kaɗai ba ta isa a sayar da gonar gado ba.

Idan za ku koma asibiti, kai ka raka Baba, ka rubuta tambayoyinka tun daga gida. Abin da aka gani a hoton shi ne ke kawo ciwon, ko akwai wani? Me ya jawo shi? Wane aiki zai ci gaba da yi, wanne zai bari? Maganin nan kwana nawa za a sha, kuma ya dace da mai hawan jini ko olsa? Wace alama za mu gani mu dawo da gaggawa? Ku tafi da tsofaffin faifai, domin kwatanta na bara da na bana ya fi hoto ɗaya bayani. A ajiye su a shimfiɗe, nesa da rana da laima. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto. Kuma ba a maimaita hoto kowane wata don a ga ko an samu sauƙi. Jiki ne zai faɗi wannan.

Sannan ka iya bakinka. Kada ka ce wa mahaifinka ƙashinsa ya ruɓe ko ya cinye. Wanda aka gaya wa haka yakan ji tsoron taka ƙafar, ya kwanta, tsoka ta saki, ciwo ya ƙaru. Ka ce, "Baba, gaɓar ta nuna alamar aiki da shekaru. Likita ya ce ku riƙa tafiya, amma buhu da dami ku bar mana." Ku karɓi aikin nauyi daga hannunsa, ku bar masa zagayen gona, da zaɓen iri, da kula da dabbobi, domin raba manomi da gonarsa gaba ɗaya wani ciwon ne.

Ku ma kuna da kwatangwalo, kuma yanzu ne ake rubuta abin da hotonku zai nuna nan da shekara talatin. Buhu mai kilo 100 a kama shi mutum biyu ko a sa a amalanke. Babu ladan jarumta a ciccibarsa. A rage gudu a kan babur. A bar sha-ka-fashe. Tun watan Mayun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, amma kada ku jira sai an sa rana, an kai lefe, zukata sun ƙullu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku je ku san nau'in jininku tun kafin ku fara zance, ku kuma kai ƙannenku a gwada su. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba ku ikon riƙe su da sani da ladabi.